Lokoja: Garin Da Muke Ratsawa Duk Sallah Ba Mu Tsaya Mun Duba Ba

Sallah ta matso, na san da yawanmu sun fara tambayar kuɗin mota. Duk wanda zai tashi daga Anaca ko Inugu ko Fatakwal ko Binin, har da yawancin masu tashi daga Ikko, in dai ta Abuja da Kaduna zai bi zuwa gida, to ba makawa sai ya ratsa Lokoja. Direba ya tsaya a Nataco, a yi alwala, a haɗa Azahar da La'asar, a ci shinkafa da soyayyen kifi, a sayi burodin tsaraba, yaron mota ya buga ƙofa, a wuce. Na fi shekara ashirin ina wannan zirga-zirga kafin wani dattijo mai sayar da goro ya gaya mini cewa kabarin Sarkin Kano Alu yana cikin garin nan, tafiyar 'yan mintoci a kan acaɓa daga inda nake zaune ina cin kifi. Kunya ta kama ni, domin ni Bakano ne, kuma tun ina yaro nake jin sunan Alu Maisango a bakin kakata.

Wannan ne ya sa a wata tafiya na sauka na kwana biyu a garin, kuma shi ya sa nake son duk mai neman inda zai kai iyalinsa a wannan hutu ya sa Lokoja a lissafi. A sanina babu wani gari a wajen ƙasar Hausa da mutum zai zaga cikin yini guda ya ga yadda Turawa suka shigo mana, da hannun wa suka shigo, da kuma inda suka kai sarakunan da suka tuɓe.

A fara da ruwa, domin ruwa ne ya yi garin. A nan Kogin Kwara da Kogin Binuwai suka haɗu. Kwara ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya bi ta kusa da Tumbuktu, ya ratsa Yamai, ya shigo ta Yawuri da Jebba, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuwa daga Kamaru ya fito, ya bi ta Garwa da Yola da Ibi da Makurɗi. Gulbin Sakkwato da Rima a Kwara suke zubawa. Ruwan Kubanni da Galma na Zariya yana faɗawa Kogin Kaduna, shi ma ya ƙare a Kwara. Gongola kuma tana shiga Binuwai a Numan. Wato wanda ya tsaya a bakin ruwa a Lokoja yana kallon ruwan saman da ya sauka a Sakkwato da Zazzau da Gwambe ne, ya haɗu yana gangarawa teku. Ruwan Kano kuwa ba ya zuwa nan, shi ta Haɗeja yake bi ya nufi Tafkin Cadi. In an shiga kwalekwale da rani zuwa daidai mahaɗar, ana iya ganin bambancin launin ruwan biyu kafin su gauraya.

Tun kafin Bature ya san wurin, akwai mutane da kasuwanni a yankin: Oworo a kan tsaunuka, Nupawa da Kakanda masu jiragen ruwa, Igala da Bassa-Nge a tsallake, Igbira a kusa. Fatake daga ƙasar Hausa suna saukowa da kanwa da tufafi da dawaki, kuma, mu faɗi gaskiya, har da bayi. A 1830 wasu 'yan uwa biyu Turawan Ingila, Richard da John Lander, suka wuce ta mahaɗar a kwalekwale har suka fita teku, suka tabbatar wa mutanensu inda Kwara yake ƙarewa. Daga nan idon Ingila ya faɗa kan wannan wuri.

A 1841 suka aiko jirage uku masu tururi, suka karɓi fili daga hannun Attah na Igala don su kafa gonar gwaji ta auduga. Zazzaɓin cizon sauro ya ci musu mutum fiye da arba'in, aka watse. Amma a cikin wannan tafiya akwai mutum biyu da suka shafe mu. Ɗaya shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka 'yanto daga jirgin bayi, wanda daga baya ya zama bishop. Ɗayan kuma wani Bajamushe ne ɗan mishan, James Schön, wanda a wannan tafiya ya lura cewa duk kasuwar da suka tsaya sai an sami mai jin Hausa. Ya duƙufa kan harshen, ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, na nahawu a 1862, ƙamus a 1876. Rubutun boko da muke yi yau a waya, wani ɓangare na asalinsa daga wannan kogi ya fara.

Wanda ya kafa garin Lokoja na yanzu shi ne Likita William Baikie. A 1854 ya jagoranci jirgi ya hau Binuwai, ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, aka je aka dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba. Wannan ƙwayar magani mai ɗaci ita ta buɗe wa Turawa ƙofar ƙasarmu kafin bindiga mai ruwa ta zo. A 1857 ya sake dawowa, jirginsa ya bugi dutse a Jebba ya nutse. Bai koma gida ba. Wajen 1860 ya zauna a gindin tsaunin Patti a ƙarƙashin kariyar Etsu Masaba na Bida, ya tara 'yantattun bayi da 'yan kasuwa, ya zama shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne mai gari. Ya koyi Hausa har yana fassara da ita, kuma a 1862 ya yi tattaki har Kano. Ya mutu a Saliyo a 1864 a hanyarsa ta komawa Ingila.

'Yan uwanmu na Ikko su lura da wannan. A cikin waɗanda jirgin ya nutse da su a Jebba akwai wani hafsan sojan ruwa, John Glover. Shi ne daga baya ya riƙe mulkin Ikko, kuma a 1863 ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa, yawancinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Ana kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga wannan shekara take ƙirga shekarunta.

Akwai wani labari kuma da ya fi ba ni sha'awa. Lokacin da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya yi yawonsa a Kano da Katsina da Barno da Sakkwato, yana tare da yara biyu da aka 'yanta daga bauta: Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. A 1855 ya tafi da su Ingila. Dorugu ya zauna a gidan Schön, kuma daga bakinsa aka rubuta yawancin Hausar da Schön ya buga, har da labarin rayuwarsa da abin da ya gani a Landan. Ya dawo, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawan Kano, ya rasu a 1912. Abbega kuwa a Lokoja ya zauna, ya yi wa Turawa tafinta, har ya zama sarkin garin a ƙarshen ƙarni na 19. Jikansa Maimaina a nan ya tashi, ya yi wa Turawa aiki a lokacin yaƙe-yaƙen cin ƙasa, daga baya ya zama Sarkin Askira. Yaron da aka kama aka sayar, ya ga Landan, ya dawo ya yi sarauta a bakin Kwara. Har yau sarautar garin sunan Hausa gare ta, Maigarin Lokoja, ko da yake garin na ƙabilu da yawa ne, kuma duk baƙon da ya san ya kamata zai kiyaye harshensa a kan maganar wa ya riga wa zuwa.

Daga wannan zamani abin da mai ziyara zai gani da idonsa shi ne makarantar firamare ta Holy Trinity, wadda Bishop Crowther ya kafa a 1865. Ana lissafa ta a matsayin makarantar boko ta farko a duk faɗin abin da ya zama Jihar Arewa, shekara 44 kafin Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Kano a 1909. A harabarta akwai wasu ƙarafa da ake kira ƙarfen 'yanci. Mutanen garin suna cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa su, ya kuɓuta ke nan. Ƙarafan ba wani abin kallo ba ne, yaro zai iya wuce su bai waiga ba. Sai an tsaya an gaya masa cewa da yawa daga cikin waɗanda suka yi gudun nan da Hausa suke magana, kuma wasu daga cikin waɗanda suke bin su ma da Hausa suke magana.

Daga 1886 kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami izinin Sarauniya ya yi ciniki ya kuma yi mulki a bakin kogunan nan. Lokoja ta zama barikin sojojinsa. Daga nan aka tashi a farkon 1897 aka ci Bida da Ilori. Sannan ranar 1 ga Janairu, 1900, a nan Lokoja, aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya tsaya gaban sojoji aka karanta shelar cewa Arewacin Nijeriya ya shiga ƙarƙashin kariyar Ingila. An biya kamfanin fam 865,000 diyyar abin da ya bari. A ranar nan Sarkin Musulmi Abdurrahman yana Sakkwato, Alu yana Kano, Kwasau yana Zariya, kowa yana kan gadonsa yana shari'a, ba wanda aka tambaya. Akwai ɗan ginshiƙin siminti da aka kafa don tuna wurin da aka yi wannan biki. Ƙarami ne ƙwarai, sai an nuna maka.

Hedikwatar ba ta daɗe a nan ba. Lugga ya koma Jebba, a 1902 ya koma Zungeru, a 1917 aka koma Kaduna. Amma gine-ginen farko suna nan. Gidan gwamnatin Jihar Kogi har yau da sunan Lugga ake kiransa, kuma akwai tsofaffin gidajen katako da aka ɗora kan ƙafafu, waɗanda aka kawo a sassaƙe daga Ingila aka harhaɗa a nan. A ɗaya daga cikinsu aka yi gidan adana kayan tarihin zamanin mulkin mallaka, mai hotuna da takardu. Yana da kyau a shiga da yara.

Tsaunin Patti, wanda ya yi wa garin rumfa, tsayinsa ya kai kimanin mita 450, kuma mota tana hawa. A samansa akwai ɗan gidan hutawa da ake danganta wa Lugga, kuma daga can ake ganin kogunan biyu sosai, da tsibirai, da garin gaba ɗaya. Masu yi wa baƙi jagora za su ce maka a nan Flora Shaw ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar nan suna Nijeriya. Labarin yana da daɗi amma lissafi bai yarda da shi ba. Ta ba da shawarar sunan ne a jaridar Times ta Landan ranar 8 ga Janairu, 1897, ba ta kuwa auri Lugga ta zo ƙasar nan ba sai 1902. Kada ka yi musu da mai jagora, abincinsa yake nema. In kun sauko sai ka gyara wa yaranka.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan duka. Bayan an ci ƙasa, Lokoja ta zama wurin da ake kai sarakunan da aka tuɓe. Dabarar a fili take: gari ne mai nisa da ƙasarsu, cike da sojoji, ga ruwa ga tsauni, ga zafi da sauro da mutumin Kano ko Zazzau bai saba da irinsu ba. An kawo Etsu Nupe Abubakar bayan an fitar da shi daga Bida a 1901. An kawo Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau, wanda aka kama a 1902.

Sai Sarkin Kano Aliyu Babba, ɗan Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1894 bayan ya yi nasara a yaƙin Basasa. A ƙarshen 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan ya ba Lugga hujjar da yake nema. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka fasa Kano alhali Alu yana hanyar Sakkwato da manyan hakimansa. A kan hanyar dawowa ya rabu da rundunar ya yi arewa, ɗan uwansa Waziri Ahmadu ya ja sauran suka gamu da Turawa a Kwatarkwashi, ya yi shahada a can. Aka kama Alu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lokoja. A nan ya zauna har ya rasu a 1926. Ku lissafa: shekara tara ya yi yana sarautar Kano, shekara ashirin da uku yana tsare. Kanawa har yau ba su gama sasantawa a kan tafiyar da ya yi ya bar runduna ba, wasu su ce hijira ce ya nufa, wasu su ce ba haka ba. Ni dai da na tsaya a gefen kabarinsa ban ji ina da bakin yanke masa hukunci ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, ko kogin da ya yi shekaru yana kallo babu ɗigon ruwan Kano a cikinsa.

Na Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya fi ban mamaki, domin shi Turawan ne da kansu suka naɗa shi a 1903 bayan Kwasau. Malami ne, mawaƙi, jinin Malam Musa na gidan Mallawa, kuma Waƙar Diga da ya yi a kan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa har yau ana karanta ta a jami'o'i. Ya yi kusan shekara goma sha takwas yana mulki tare da su, ranar da suka gaji da shi suka tuɓe shi, suka aika shi garin da suka aika wanda ya gada. Ya rasu a Lokoja a 1924. Wanda ya yaƙe su da wanda ya yi aiki da su, ƙasa ɗaya ta rufe su.

Kaburburan suna cikin tsohon gari, a wajen unguwar Kabawa, a tsakiyar gidajen mutane. Sarakunan ba su kaɗai suka zo ba, sun zo da mata da 'ya'ya da barori da malamai, kuma wasu daga cikin zuriyarsu ba su koma ba. Za ka ji Hausa a unguwar, wadda ta ɗan sha ruwan Nupanci. Wanda zai je ya tuna ziyarar kabari ce, ba wurin ɗaukar hoto ana dariya ba. A yi sallama ga dattawan unguwa, a nemi izini, a yi wa mamata addu'a, a kuma yi wa wanda ya buɗe ƙofa alheri.

Daga Kabawa sai a wuce dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya, inda aka ajiye tsofaffin igwa da allunan sunaye. A nan ne lissafin yake rikicewa, kuma gara yaranmu su ji daga bakinmu. Rundunar da ta fasa Kano, Turawan cikinta ba su kai hamsin ba. Ragowar, fiye da mutum ɗari bakwai, baƙar fata ne, kuma da yawansu Hausawa ne, wasu bayin da suka tsere, wasu talakawan da suka ga albashi. Da Hausa ake ba su umarni. Irin waɗannan sojoji ne aka kai Kamaru daga 1914 zuwa 1916, aka kai Gabashin Afirka, 'ya'yansu kuma aka kai Habasha da Bama a yaƙi na biyu. Barikin sojan Lokoja yana ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu, Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, Ingilishi suka kama shi, ya koma cikinsu ya yi musu yaƙi har Bama. Akwai kuma maƙabartar Turawa, inda za ka karanta shekarun waɗanda ke kwance ka tarar da yawansu samari ne, zazzaɓi ya kashe su kafin su ga abin da suka zo nema. A garin nan John Robinson, ɗan mishan mai fassara da Hausa, ya mutu a 1891, kuma don tunawa da shi aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila wadda ta aiko ƙanensa Charles har Kano, ya dawo ya rubuta ƙamus.

Abin da ya rage wa garin ƙarfi daga baya jirgin ƙasa ne. Da dogo ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da na Ikko, gyaɗa da fata da auduga suka daina bin ruwa kamar da. Lokoja ta koma garin lardin Kabba, daga 1967 ta shiga Jihar Kwara, sai ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kogi ta zama babban birni. Gadar Murtala da ke Jamata da hanyar Abuja su suka dawo mata da baƙi, irinmu masu tsayawa rabin awa.

Ga mai niyya, yini ɗaya da kwana ɗaya sun isa. Daga Abuja kimanin kilomita 200 ne. A hau Patti da sassafe kafin rana ta buɗe, domin zafin Lokoja ba wasa ba ne, a sauko a yi Kabawa da makarantar Crowther da gidan tarihi kafin Azahar, a bar ruwa sai La'asar sakaliya. Lokacin hunturu hazo yana rufe kallon daga kan tsauni. Ƙarshen damina kuwa, wajen Satumba da Oktoba, a yi hattara: waɗanda suka kwana a kan hanya a Koton Karfe lokacin ambaliyar 2012 da ta 2022 ba sa bukatar a tuna musu. Maganar kwalekwale kuma, don Allah kada a shiga babu rigar ruwa, kada a yarda a cika shi fiye da kima, kada a kai magariba a kan kogi. Mun sha jin labarin kifewar jirage a wannan ruwa.

Ina ba shugabannin ƙungiya shawara, in hali ya yi, a ɗauki bas guda bayan Sallah da kwana biyu ko uku, musamman don yaran da aka haifa a nan Kudu da iyalan da ba za su sami zuwa gida bana ba. A sa malamin Islamiyya ɗaya da malamin boko ɗaya a cikin motar, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa na mai da masauki, a kuma aika mutum biyu su riga zuwa su gaida dattawan Kabawa don kada mu faɗa musu kwatsam. Ni na ɗauki nauyin zama ɗaya daga cikin biyun.